Nakasar da ido ba ya gani: a faɗa ko a ɓoye?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, kuma na fi so waɗanda abin ya shafa su yi magana. Ƙanwata mai sikila ce. Ta gama digiri, ta yi bautar ƙasa, yanzu tana cike takardar neman aiki a intanet, sai ga wani gurbi ana tambaya ko tana da nakasa, eh ko a'a. Gida ya rabu biyu. Hajiyarmu ta ce kul ta kuskura ta sa eh, ita ba ta haifi nakasasshiya ba. Ni kuma na ce duk wanda ke zaune da ita ya san sanyin hunturu kaɗai kan kwantar da ita, ga ƙugunta na dama ya fara cinyewa, ba ta iya doguwar tsayuwa. Amma in ka haɗu da ita a hanya ba za ka ce komai na damunta ba. To irin wannan, da mai farfaɗiya, da wanda kunnensa ya yi nauyi, suna cikin masu buƙata ta musamman ko kuwa? In suna ciki, faɗa ya fi ko ɓoyewa?

Sadiya_SS:
Wa alaikumus salam. Yaya, ka ce da ita kada ta sa. Ni ma mai sikila ce. Akwai wani kamfani da na ci jarrabawarsu, na wuce intabiyu, har mun yi maganar albashi. Sai aka ce a je gwajin lafiya. Daga ranar da sakamakon jinotayif ya fita, wayar da ake ɗauka da fara'a ta koma "za mu neme ki". Har yau suna nema na. Ba wanda zai rubuta maka a takarda cewa don sikila aka ƙi ka, balle ka kai ƙara.

Umar_Fagge:
Allah Ya ba su lafiya baki ɗaya. Amma ni a ganina ciwo daban, nakasa daban. Mai sikila majinyaci ne, ba nakasasshe ba.

Lauya_Bn_Isah:
@Umar_Fagge a wurin doka ba haka abin yake ba. Akwai dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Ba ta tsaya a kan gurgu da makaho da kurma ba. Yadda ta fassara nakasa shi ne duk wata tawaya mai daɗewa, a jiki ko a ƙwaƙwalwa ko a fahimta ko a gaɓoɓin ji da gani, wadda in ta haɗu da shingayen da ke cikin al'umma za ta hana mutum yin rayuwa daidai da kowa. Yarinyar da ƙugunta ke cinyewa, ba ta iya tsayuwa a layi, ni ban ga ta inda za a fitar da ita daga wannan ba.

Dokar ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu nakasa. Wanda ya nuna bambanci, in mutum ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, in kamfani ne naira miliyan 1. Har maganar layi ta taɓo, cewa a fara sallamarsu. A 2020 kuma aka kafa hukumar ƙasa da ke kula da lamarin. To in aikin gwamnati ne, Malam Abban_Hanifa, sa eh ɗin zai iya zame mata alheri.

Mai_Keken_Hannu:
Barista ka yi haƙuri, dariya ka ba ni. Ni shan inna ta kama ni tun ina yaro, nakasata ba ta buƙatar shaida, daga nesa ake hango ta. Wannan kashi 5 ɗin da kake faɗa, mu da ake gani ma ba mu gan shi ba. An ba da shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda keke zai shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024, je ka zaga sakatariyoyi ka ƙirga min inda aka gyara. Yanzu kuma a ce mai sikila da mai ciwon suga da mai ciwon baya duk su shigo layinmu? Gobe ɗan wani babba zai zo da takardar likita ya ce kansa ke ciwo, ya karɓe gurbin. Ba ƙyashi nake ba wallahi, amma abin da ba a gani shi ya fi sauƙin yi wa ƙarya.

Sadiya_SS:
@Mai_Keken_Hannu ka ga wannan kalmar taka ta ƙarshe, ita ce rayuwarmu gaba ɗaya. Tun daga firamare ake ce mana ƙarya muke. Kai in ka shiga banki mai gadi da kansa zai ture mutane ya kai ka gaba. Ni in na ce ƙafata ba za ta ɗauki layi ba, sai wata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da kwalliyarki da jakarki, mu ne ba mu da uzuri?" Ba na cewa naka ya fi nawa sauƙi, Allah Ya sani. Amma kai ba a taɓa sa ka rantsuwa kafin a yarda.

Mai_Keken_Hannu:
Gaskiya ne, ba a sa ni rantsuwa. Naira hamsin ake miƙo min ina tsaye ina jiran abokina a bakin shago. Kowa da irin tasa.

Nas_Binta:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari na faɗi abin da nake gani a ɗakin gaggawa, don mutane da yawa ba su san me ake nufi da "ciwonsa ya tashi" ba. Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila sukan lanƙwashe su yi tauri, sai su toshe ƙananan jijiyoyi. Duk inda jini bai kai ba, wurin zai ɗauki azaba. Sanyi na tayar da shi, ƙarancin ruwa a jiki, zazzaɓin cizon sauro, gajiya, har da damuwa. Ƙugun da Abban_Hanifa ya ambata, kan ƙashin cinya ne ke mutuwa a hankali saboda jini ba ya isar masa. Wani yaro ya taɓa ce min ji yake kamar ana daka ƙasusuwansa a turmi.

Abin da ke ƙona min rai shi ne mu kanmu ma'aikata. Matashi zai shigo ƙarfe biyun dare yana murƙususu, ya ce "Sista, allurar kashe zafi ta fenta ce ke min aiki", don ya shekara ashirin da ciwon, ya san abin da ke kwantar masa da shi. Sai ka ji wata daga bayan tebur ta ce, "Ga ɗan ƙwayar nan ya dawo." A bar shi a kan benci ana jiran a ga ko da gaske yake. Ban musa ba, akwai waɗanda allurar ta zame wa jaraba, na gan su da idona, cinyoyinsu duk gyambo. Amma yawancinsu rashin kulawar da ta dace ne ya tura su sayen allura a kemis suna yi wa kansu. Kuma raɗaɗin ciwo ba ya fitowa a ma'aunin zafin jiki. In ba ka yarda da bakin mai shi ba, ba ka da wani abin awo.

Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu. A ce har yanzu muna yi musu kallon maƙaryata.

Hauwa_Gombe:
Allah Ya saka da alheri Sista Binta. Ina karantawa ina hawaye, ƙanina haka ya sha fama kafin Allah Ya karɓi abinSa.

Umar_Fagge:
Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya sa ya huta.

Maman_Affan:
Ku masu sikila ko ba komai ana tausaya muku. Ku zo ku ji ta farfaɗiya. Ɗana yana aji huɗu abin ya fara kama shi a makaranta, ana tsaka da taron safe. Yadda yayarsa ta ba ni labari, yana faɗuwa yara suka watse, malamai suka yi da'ira daga nesa, wata malama tana ihu kada wanda ya taɓa yawun. Kansa na bugun siminti babu wanda ya sa masa ko jaka a ƙarƙashi. Da ya farfaɗo ya ga ya jiƙa wandonsa a gaban makaranta guda. Aka zo aka zuba toka a wurin. Bayan sati shugabar makarantar ta kira ni, da ladabinta da komai, ta ce iyaye suna ƙorafi, ko zan bar shi a gida "har ya samu sauƙi".

Yanzu yana shan magani safe da dare, ya fi shekara biyu bai faɗi ba. Na sauya masa makaranta kuma ban gaya musu komai ba. Kullum ya fita gabana na faɗuwa, don in abin ya zo babu wanda ya san yadda zai yi da shi. Amma in na faɗa na san abin da zai biyo baya. To Abban_Hanifa ka ga ni na zaɓi ɓoyewa, kuma ban ce maka ina barci mai daɗi ba.

Abu_Sumayya:
Hajiya kin gwada ruƙiyya kuwa? Da yawan irin wannan faɗuwar shafar aljanu ce, asibiti ba sa ganin komai.

Likita_Sani:
@Abu_Sumayya Malam, babu wanda ya hana addu'a, ni ma ina yi wa 'ya'yana tofi. Inda nake roƙonku shi ne kada a ce a ajiye magani. Yawancin waɗanda ake kawo mana a galabaice, an ce musu ne an kore abin, su daina shan ƙwaya. Dakatar da maganin farfaɗiya farat ɗaya kan jawo faɗuwa a jere wadda ke iya kisa.

Farfaɗiya hargitsewar saƙonnin lantarki ce a ƙwaƙwalwa. Wahalar haihuwa na kawo ta, buguwar kai a hatsarin babur, sanƙarau, zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, wani lokacin kuma ba a gano dalili. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko ta numfashi, ko ta cin abinci kwano ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace.

In mutum ya faɗi a gabanka: kawar da wuta da ruwa da duk abin da zai ji masa ciwo, sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, in jijjigar ta lafa ka juya shi ta gefe. Kada a danne shi, kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko wani jiƙo. In ya wuce minti 5 bai tsaya ba, a yi asibiti da shi. Hajiya Maman_Affan, ko malami ɗaya ne da kika yarda da hankalinsa, ki ja shi gefe ki koya masa wannan.

Malam_Nura_Zariya:
Ina so na ƙara a kan maganar likita. A cikin Bukhari da Muslim akwai hadisin matar nan da ta zo wurin Annabi (SAW) ta ce tana faɗuwa kuma tsiraicinta na bayyana, ya yi mata addu'a. Ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna ko addu'ar waraka, ta zaɓi haƙuri, ta roƙi a yi mata addu'a kada ta riƙa yayewa. Ibn Abbas da kansa yake nuna wa Aɗa'u ita yana cewa ga 'yar Aljanna. A cikin mutane take, an san ta, an san ciwonta. Wannan gudun da zuba tokar ba daga addini muka samo su ba.

Abu_Sumayya:
Na gamsu da hadisin Malam. Amma dai ban janye cewa akwai ta aljanu ba.

Zee_KD:
Duk kuna ta maganar aiki da makaranta, babu wanda ya taɓo aure, alhali nan ne ake yanka mu. Ina shan maganin ciwon damuwa mai tsanani, ina zuwa ganin likita, ina aikina lafiya, babu wanda ya taɓa ganin na yi wani abu. An sa ranata, sai wata gwaggon angon ta gan ni a layin karɓar magani. Cikin kwana kaɗan aka aiko a karɓi kaya, wai a danginsu ba a haɗa iri da masu taɓin hankali. Mu nan da an ce an ga mutum a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Dawanau ko Kware, an gama da shi, da shi da ƙannensa mata. Shi ya sa mutane ke zama da ciwo a ɗaki har ya ci su. An yi sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, ta maye gurbin ta 1958, amma wace doka ce za ta hana gwaggo bincike?

Umar_Fagge:
'Yar'uwa Allah Ya musanya miki da mafi alheri. Amma fa a aure ɓoyewa yaudara ce. Ai shi ya sa gwamnatin Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, har da jinotayif a ciki.

Zee_KD:
Malam Umar shi angon ya sani tun farko, ni na gaya masa da bakina. Danginsa ne suka fi ƙarfinsa.

Sadiya_SS:
Gwajin abu ne mai kyau, ba na so ko maƙiyina ya haifi mai irin ciwona. AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wannan kowa ya kamata ya sani. Amma a haɗa da wayar da kai. Mai AA in ya auri mai SS, 'ya'yansu AS za su zo, ba masu sikila ba. Duk da haka da an ga SS a takarda sai uwar miji ta ce ba za ta aura wa ɗanta jinya ba, wai ba ma daɗewa. Ni ga ni na haura talatin, kuma na san masu jikoki.

Issoufou_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma nan emasi, wato sikila, ta yi yawa, kuma zancen ɗaya ne. Akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo a Yamai, amma daga Maraɗi tafiyar ta fi kilomita 600, talaka na ƙauye ina zai iya? Ɗiyar wana ce ke da ita. A lakwal malaminsu ya sha bugunta wai ragguwa ce ba ta son wasan motsa jiki, sai da wana ya kai takardar likita.

Malama_Rabi:
Maganar bugu ta tuna min. Shekaruna da yawa ina koyarwa a firamare, kuma kusan kowane aji akwai yaron da in ka tambaye shi da baki zai ba ka amsa tsaf, in ka ce ya karanta sai haruffa su cakuɗe masa, b ta zama d. Sunansa daƙiƙi, a gida da makaranta. Bulala yake sha har ya gudu ya koma gareji, a can kuma ka ga ya fi kowa gane inji. Babu wanda ya taɓa koya mana a kwalejin horon malamai yadda za mu gane irin waɗannan yaran, da kaina na lura.

Bash_Manchester:
A nan Ingila akwai wata igiyar wuya koriya mai zanen furen sunfulawa. A filin jirgin sama na Gatwick aka fara ta a 2016, yanzu manyan shaguna da tashoshin jirgin ƙasa duk sun san ta. In ka rataya, ma'aikaci ya gane kana da wata lalura da ba a gani, ba zai tambaye ka mece ce ba, zai dai ba ka lokaci ko ya taimaka. Me zai hana a yi irin wannan a gida?

Mai_Keken_Hannu:
Sati ɗaya ya yi yawa za ka ga ana sayar da ita a bakin asibiti, uku naira dubu.

Zee_KD:
Ni kuma in rataya a wuya in fita unguwa? Wanda gwaggo ba ta gani ba sai in kai mata har gida kenan.

Alhaji_Mai_Shago:
Ku bari mu masu ɗaukar ma'aikata mu ce wani abu, kada a mai da mu azzalumai duka. Ina da yara takwas a shagona. In ɗaya ya kwanta sati biyu, sauran ne ke ɗaukar nauyin, kuma albashinsa ba na yankewa. Ba gwamnati ba ce ni. Amma akwai yaron da ya gaya min gaskiya tun ranar farko cewa yana da sikila. Na cire shi daga ɗaukar kaya na sa shi a kan lissafi, na ce kada ya fito da sassafe lokacin sanyi, ruwa kuma kullum yana gefensa. Yau shi ke riƙe da makullin shagon. Da ɓoye min ya yi, da na sa shi sauke buhuna, ya faɗi, in ce malalaci ne in sallame shi.

Sadiya_SS:
Alhaji Allah Ya ƙara arziki, amma irinku nawa ne? Kuma kai ido da ido kuka yi da yaron. Ita ƙanwar Abban_Hanifa kwamfuta ce za ta tace ta kafin wani ɗan Adam ya ga fuskarta.

Abban_Hanifa:
Na gode ƙwarai jama'a, na miƙa mata wayar ta karanta da kanta. Aikin na wata hukumar gwamnatin tarayya ne. Ita yanzu hankalinta ya fi karkata ga ta bar gurbin a a'a, in ta samu shiga sai ta kai takardar asibiti. Hajiya kuma ta ce ai dama ta faɗa.

Lauya_Bn_Isah:
A yi hattara da wannan. Irin waɗannan takardun galibi akwai wurin da mutum ke amincewa cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne. In ta ce a'a, gobe ta zo neman a sauƙaƙa mata aiki saboda ƙugu, wani mugun shugaba zai iya zaro takardar ya ce ta yi ƙarya. Ni da za ta ji tawa, ta nemi rahoton likitan ƙashi, ta bi hanyar samun takardar shaida daga hukumar masu nakasa, ta sa eh da hujjarta a hannu.

Sadiya_SS:
Barista kana maganar yadda za ta kare kanta bayan ta shiga. Ni ina maganar yadda za ta shiga tukuna.

Ɗan_Gusau:
Tun ɗazu nake bin ku ban ce komai ba. Sanƙarau na 1996 ya kashe min kunnen hagu, na dama ma saura kaɗan. Ina magana ras, don haka babu mai yarda. A unguwa sunana mai girman kai, wai ana gaishe ni ina wucewa. A banki ana kiran suna ta bayan gilashi, sai na ga kowa ya tafi ni kaɗai a zaune. Lokacin korona da aka rufe baki da takunkumi na fi kowa shan wuya, don leɓe nake karantawa. Ni kam na gaji da ɓoyewa, duk inda na shiga nakan ce ku fuskance ni in za ku yi magana.

Kuma tunda an zo nan, ina da ƙorafi a kan wannan zauren namu. Rabin muhawarorin da ake yi saƙon murya ne. Ko jiya an yi ta turo murya a kan maganar kuɗin makaranta, ban san me aka yanke ba. Don Allah a riƙa rubutawa.

Hauwa_Gombe:
Subhanallah, ni ce kan gaba wajen tura murya. Admin a duba wannan.

Kabiru_Mai_Sanda:
A duba, amma a tuna da mu ma. Ni makaho ne, manhajar da ke karanta min rubutu ba ta iya Hausa ba, wannan muhawarar ma da ƙyar na bi ta, duk ƙ da ɗ sai ta tsallake su ko ta kwaɓa. Saƙon murya shi ne hutuna. In aka hana shi ni aka kora.

Admin_Zaure:
To fa. Ba za a hana ko ɗaya ba tukuna. Wanda ya tura murya ya daure ya sa taƙaitaccen rubutu a ƙasa, wanda ya yi dogon rubutu kuma in da hali ya karanta shi. Wa zai ɗauki nauyin karanta wa Malam Kabiru bayanin Likita_Sani na taimakon mai farfaɗiya? Ni yau muryata ta dishe.